Fitilar Zauren Muttaƙa

Ni da Muttaƙa, mijin yayata Humaira, mun daɗe muna musu a kan makunnin fitila, kuma har ya koma ga Allah babu wanda ya sauko a cikinmu. Ni ne mai aikin kuran, wato wutar lantarki, shagona yana bakin babbar hanya a Konni, amma mutumin nan da aikinsa gyaran injuna ne a kamfanin siminti na Malbaza ya tsaya a kaina yana koya mini sana'ata. Da yake ni ƙanen matarsa ne akwai wasa tsakaninmu, sai ya fake da wasan yana gasa mini duk maganar da ya ga dama.

Abin ya faro ne lokacin da ya gama ginin gidansa, ya sa sola da batir. Ya ce shi makunnan zamani yake so, irin waɗanda ake kunnawa da salula. Na ce madalla, na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Iri biyu nake samu a wurin masu kawo mini kaya daga Sakkwato. Akwai masu wifi. Su kowane makunni da kansa yake hawa wifi ɗin gida, in ka danna a salula sai saƙon ya fita ya tafi uwa duniya, can inda kamfanin da ya ƙera shi yake, sannan ya dawo ya kunna maka fitilar da ke saman kanka. Akwai kuma masu Zigbi. Su sai an ajiye musu wani ɗan akwati a cikin gida, da shi suke magana, suna miƙa wa juna saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki. Ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke suna aiki, kuma in ka so sai a rufe su yadda babu wani na waje da zai iya taɓa su. Na ambata masa masu bulutut ma don kada ya ce na ɓoye, amma waɗannan katanga biyu ta ishe su.

Ya gama saurarona yana sakace, sannan ya ce, "To mi ad daɗin abin da sai ina cikin gida za ni taɓa shi? In ina cikin gida ai ina da hannu."

Na ce, "Yaya Muttaƙa, ka san rezon garin ga. Ran da yab ɓace, sai ka tashi ka danna da yatsa awa kowa."

"Sai in danna. Ni dai wanda aka taɓawa daga nesa nika so."

"Shi ma Zigbin ana buɗe mishi hanya daga nesa."

"Sai an sayi akwati, sai an kira Alamin shi buɗe, sai an kira Alamin shi ruhe. Kai dai so kaka a riƙa kiranka kana cin tuwon gidana."

Na ce masa masu wifi in sun yi yawa suna cushe wa ƙaramin wifi ɗin gida, na ce ranar da kamfaninsu ya rufe a can ƙasarsu shi ke nan sun zama makunnan kasuwa. Ya ce in bari kamfanin ya rufe tukuna. Gidansa ne, dole na ɗaura masa abin da yake so, ina ɗaurawa ina ƙunƙuni. Shi da kansa ya haɗa su da salularsa, ko kusa bai bar ni na leƙa ba.

Tun daga lokacin gidan ya sami wata al'ada. Kullum da an kira magariba sai fitilar zaure ta kama da kanta. Jim kaɗan ta mutu, ta sake kamawa, kamar mai ƙifta ido. Yaya Humaira ta ce baban yara ne yake gaishe ta daga Malbaza, alamar ya kusa hawa babur ya taho. Ta ishe matan unguwa da labarin, ta ishe ni ni ma. Ko ranar hutunsa haka ake yi, yana zaune a tabarma fitila za ta kama, ya ɗauki salula ya ƙifta ta yana murmushi shi kaɗai. Wata rana na ga kamar fitilar ta riga hannunsa, na ce ashe lokaci ya sa mata yake yi wa yayata burga. Ya ce in fita harkar kayansa.

A farkon damina ya rasu, a hanyar dawowa daga aiki. Babbar mota ce da babur, ba sai na ƙara komai ba. Ƙanensa Tukur ne ya je ya karɓo kayan jikinsa, ni na ga salular da idona a cikin leda, ta niƙe har ba ka gane gaba da baya.

Mahaifiyarsu, Inna Kande, ta zo daga Bazaga ta zauna zaman makoki. Muttaƙa ɗan farinta ne, kuma Inna Kande irin matan da ne, masu riƙe kunyar ɗan fari har ƙarshe. Tunda na san su ban taɓa jin ta kira sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ba ta zama hira da shi, ba ta buga masa waya, in ya je gaishe ta sai ta juya tana tambayar Tukur lafiyar akuyoyi. A makokin ma mata suna ta rusa kuka, ita tana gefe da carbi, idonta a bushe. Na yi fushi da ita a raina, ba zan ɓoye ba. Na ce wace irin kunya ce wannan da ko mutuwa ba ta karya ta. Duk kwanakin nan fitilar zaure da hannu ake kunna ta saboda masu ta'aziyya, babu wanda ya tuna da wata al'ada. Da aka yi sadakar bakwai tsohuwar ta koma ƙauyensu, Yaya Humaira ta ci gaba da takaba a ɗakinta.

Washegari da yamma na kai mata kankana. Muna tsakar gida, yara suna alwala, ladan ya ɗaga murya. Sai fitilar zaure ta kama.

Ƙwaryar da ke hannun Yaya Humaira ta faɗi. Ta dafe ƙirji tana salati. Ni kuwa na dake na ce lokaci ne ya sa mata tun yana da rai, inji ba ya sanin an mutu. Na tafi zauren da ƙarfin hali na danna makunnin da yatsa, fitila ta mutu. Na juyo ina cewa ga shi nan an gama. Ban rufe baki ba haske ya sake cika zauren a bayana.

"Alamin, kai kak kunna ta?"

"Ba ni na ba, Yaya."

Na sake kashewa, ta sake kamawa. Na tsaya ina kallon makunnin da ni na ɗaura da hannuna. Abin da aka sa wa lokaci sau ɗaya yake kamawa ya yi shiru, ba ya gardama da mutum. Wannan kuwa gardama yake yi da ni. Yaya Humaira ta kwashi yara ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ina jin kukanta daga waje.

Kwanakin da suka biyo baya kullum magariba a gidan take yi mini, in fitilar ta kama in kashe, ta dawo. Na lura abin ba shi da tsayayyen lokaci. Ranar da hadari ya haɗu gari ya yi duhu tun la'asar, fitilar ta kama da wuri. Wata rana ta makara har an idar da salla. Na cire wifi ɗin gidan na yini guda, ranar ko motsi ba ta yi ba. Na mayar, ta dawo. Nan na tabbata daga waje ake aiko mata da saƙo, kuma na yi wautar faɗa wa Tukur haka a gaban mutane.

Ya zaro ido. "Daga waje? Wane waje? Ba kai kag ga salulad da idonka ba?"

Na ce mai yiwuwa wani ɗan iska ne ya sami hanyar shiga, ko kuma injunan kamfanin ne suka rikice a can. Babu wanda ya ji wannan rabin maganar. Abin da ya fita daga zauren shi ne, mai kuran da kansa ya ce saƙon ba daga duniyar nan yake zuwa ba. Kafin Juma'a labari ya kai kasuwa. Wasu suka ce mamacin bai kwanta ba, wasu suka fara tambayar me aka yi masa a gidan da ya kasa bari. Wannan tambayar ita ta fi ci wa Yaya Humaira rai, don ta san da ita ake. Matan da suke zuwa taya ta zama suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Tukur ya kira Liman. Dattijo ne mai natsuwa, ya zauna a zaure ya yi mana nasiha cewa wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa kunna fitila, a bar zancen banza. Ya yi karatu ya tofa. Maƙwabta sun cika ƙofar gida suna leƙe. Ana kiran salla fitila ta kama a kan rawaninsa. Ya miƙe a hankali ya ce bismillah ya kashe ta. Ta dawo. Masu leƙe suka watse, wani har ya bar takalminsa. Liman bai gudu ba, amma na ga ya ja da baya, ya daɗe yana kallon sama. Daga ƙarshe ya ce shi dai maganarsa tana nan, matattu ba sa dawowa, sai dai wannan abin bai san kansa ba, a tambayi masu sana'ar. Duk suka juyo suna kallona.

A nan aka yanke shawara biyu. Ta farko, kada wanda ya kuskura ya kai wa Inna Kande wannan labari, tsohuwa ce, abin da ke ranta ya ishe ta. Ta biyu, in cire makunnan nan duka. Tukur ya so a mayar da na kasuwa, amma Yaya Humaira ta saba kunna famfon tanki da fitilun tsakar gida daga ɗakinta, ga shi tana takaba ba ta son giftawa ta inda maza suke. Sai na kawo masu Zigbi da akwatinsu, na ɗaura, na rufe hanyar waje ruf. Ina ɗaurawa ina magana da Muttaƙa a zuci, ina cewa ka gani ko, da ka ji maganata da duk ba a yi haka ba. Sai kuma hawaye ya zo mini, don na tuna babu mai mayar mini da amsa. Tsofaffin makunnan Tukur ya ce a ƙona, na ce kayan aiki ne ba layu ba, na zuba su a jakata.

Magariba ta yi, zaure ya zauna da duhunsa. Kowa ya yi ajiyar zuciya, Tukur har da dafa mini kafaɗa. Na ɗauka an wuce wurin.

Ashe ba a wuce ba. Yaya Humaira ta riga ta karaya. Da rana lafiya lau, amma da an fara kiran magariba sai jikinta ya ɗauki ɓari, ta kafa wa ƙofar zaure ido. In ta kama tsoro, in ba ta kama ba wani tsoron. Ta daina cin abinci sosai. Babanmu ya ce ba zai zuba ido 'yarsa ta zauce ba, ya je wurin Liman, Liman ya ce mai takaba tana iya tashi in akwai tsoro a gidan. Aka sa ranar ɗauko ta. Kowa ya san abin da hakan ke nufi ko da ba a faɗa ba. In ta fita ba za ta dawo ba. Tukur ya riga ya ce zai kulle gidan, manyan yaran kuma dangin uba za su raba su a tsakaninsu, don gidan Baba ba zai ɗauke su duka ba. Gidan da ita ta riƙa ɗebo wa magina ruwa, shi za ta bari saboda fitila.

Na yi mata magana har bakina ya gaji. Ta ce, "Alamin, ka canza makunni, ba ka hwaɗa min wa ak kunna ta ba. In ba ka sani ba ka ƙyale ni."

Ban sani ba, sai na ƙyale ta. Aka ɗaɗɗaure kaya a zannuwa aka jera a tsakar gida. Ana gobe mota za ta zo, Baba ya ce ba daidai ba ne a ɗauke matar mutane uwar miji ba ta sani ba. Ya aike ni Bazaga, ya ja mini kunne in ce mata kaɗaici ne ya yi wa yarinyar yawa, kada in ambaci fitila.

Na isa da hantsi. Na tarar da Inna Kande a gindin bishiya tana ɓarar wake. Ta rame, har na yi mamaki, don ko a makoki ba ta faɗa haka ba. Muka gaisa, ta tambayi Baba, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi damina. Ina ta juya yadda zan fara, sai ta kalli hagu da dama, ta ga babu kowa, ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da wani abu a naɗe cikin ɗankwali.

"Ɗan nan, kai aka cewa mai kuran ko? Duba min wagga. Ta lalace."

Salula ce, irin mai shafawa, ƙarama. Ban taɓa sanin tana da ita ba. Na ce, "Inna, mi as same ta? Ga ta tana kamawa."

"Ba nan ba. Nan." Ta nuna da ɗan yatsanta mai ƙurar wake.

A fuskar salular babu komai sai maɓalli guda ɗaya, babba, da hoton ƙwan fitila. Ya yi fari fat, alamar abin da yake kunnawa ba ya kan layi. A ƙarƙashinsa an rubuta kalma ɗaya: Zaure.

Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na kalli salular, na kalli tsohuwar, na sake kallon salular. Masu wifi ana iya haɗa su da salula ta biyu, na sani, ina faɗa wa masu saye kullum. Amma ko a mafarki ban taɓa kawo matar nan a raina ba, matar da ko sunansa ba ta faɗa.

"Inna, wa ya ba ki wagga?"

Ta kau da kai wajen akuyoyi. "Wancan."

"Ke kika kunna hitilar zaurenai?"

Ta jawo waken gabanta ta ci gaba da ɓara. Sannan ta fara magana a hankali, ba ni take kallo ba, waken take kallo. Ta ce bayan ya tare a sabon gida ya zo ya ajiye mata salular a bakin ƙofa. Ya ce ya san ba za ta kira shi ba, shi ma ba zai sa ta kira ba. In magariba ta yi ta danna nan, fitilar zaurensa za ta kama, zai san tana lafiya. Shi kuma zai kashe ya kunna, za ta ga ƙwan ya yi duhu ya sake haske a hannunta, ta san shi ma yana lafiya. Babu suna, babu magana, babu wanda zai sani. Ya haɗa ta da Junaidu mai cajin salula a bakin kasuwa, shi ke yi mata caji yana sa mata abin rezo.

"Da nid dawo daga can," in ji ta, "magariba tay yi, hannuna yat tahi da kainai. Na san ya mutu, ni ba mahaukaciya ba ta. Niy ce dai gidan kar shi kwana da duhu. Sai nig ga an amsa."

Ta ɗago ta kalle ni karo na farko. "An kashe. Nis sake dannawa, anka sake kashewa. Niy ce ashe ya hwaɗa ma matatai, ita ag gaji amsar. Wallahi ɗan nan, shi ar riƙe ni. Kullum ina dannawa tana amsawa. Sai kwanan ga abin yay yi hwari. Ko na yi mata laihi na?"

Gargaɗin Baba ya fice mini daga kai, na kwashe komai na faɗa mata. Ƙwaryar da ta faɗi, Liman, zancen kasuwa, matan da suka ɗauke ƙafa, kayan da aka ɗaure, motar gobe. Ina faɗa idonta yana ƙara girma. Ta sa hannu biyu ta rufe baki. Ta yi salati ta sake yi.

"Ni? Ni nik kori ɗiyar mutane daga ɗakinta? Ni nis sa aka zagin kabarinai a kasuwa?"

"Inna, ba ki sani ba. Mu munka ɓoye miki."

Sai kuka ya ƙwace mata, kukan da ba ta yi a makoki ba. Ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna girgiza, ba ta son muryar ta fita. Na tuna fushin da na yi da ita a raina, na ji kunya ta kama ni. Da ta natsu ta karɓi salular ta naɗe ta tam a ɗankwalin.

Na ce, "Makunnin shina cikin jakata, yau za ni mai da shi. In magariba ta yi ki danna."

Ta girgiza kai. "A'a. Na taɓa na isa. Ka ce ta yahe min."

Na roƙe ta, na sake roƙo. Ta koma ɓarar wakenta kamar ba da ita nake ba. Da na ga rana tana tafiya na hau babur na kama hanyar Konni, ban san ma yadda na iso ba.

Yaya Humaira tana zaune a kan ƙullin kaya na same ta. Na faɗa mata a tsaye, ko ruwa ban sha ba. Da farko ta ce ƙarya nake yi don in hana ta tafiya. Na kwatanta mata salular, da maɓallin, da Junaidu mai caji. Sai ta sunkuyar da kai.

"Ke nan tun hwarko ba ni shika gaisarwa ba," in ji ta. "Ina ta yi ma mata alhwahari."

Na ji tsoron abin da zai biyo baya, don na san yayata da zuciya. Amma dariya ta yi, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ta ce shekara da shekaru tana ganin tsohuwar nan ba ta ƙaunar ɗanta, har ta taɓa yi masa gori a kai, shi kuma ya yi murmushi kawai. Ta share fuska da bakin hijabi, ta ce me nake jira, in je in mayar da abin.

Na cire makunnin Zigbi na zaure, irin wanda na yi ta yabo shekara da shekaru, na zaro na Muttaƙa daga jaka na hure masa ƙura. Sauran gidan na bar su da akwatinsu, wannan ɗaya ne kawai. Na ɗaura wayoyin. Ɗan hasken jikinsa ya yi ta ƙyaftawa yana neman wifi, sannan ya tsaya cak. Ya gane gida.

Muka zauna a bakin zaure, ni da ita da yara. Ladan ya kira salla. Fitila ba ta kama ba. Ya gama kira, masallacin gaba ya ɗauka, shi ma ya gama. Duhu ya fara shiga zauren. Na ce a raina tsohuwar nan in ta ce a'a to a'a ce, wataƙila ma salular tana ƙasan akwati. Ƙullin kaya suna nan a tsakar gida inda aka jera su.

Yaya Humaira ta miƙe. Tunda abin ya fara ba ta taka zauren nan ba. Ta shiga, ta lalubi bango, ta danna. Haske ya kama. Ta kashe, ta sake kunnawa, yadda ta sha gani ana yi. Ta tsaya da hannunta a jikin bango, ba ta juyo ba.

Babu abin da ya faru. Ƙaramar 'yarta ta fara tambaya, na ce ta yi shiru. Na ji ana tayar da salla a masallaci, ban motsa ba.

Sai fitilar ta mutu. Hannun Yaya Humaira yana nesa da makunnin, na gani da idona. Muka tsaya cikin duhu babu mai numfashi. Ta sake kamawa.

Yaya Humaira ta jingina goshinta da bango. "Lahiya lau, Inna," ta ce a hankali. "Muna lahiya."

Ta fito ta wuce ni, ta durƙusa gaban ƙullin farko ta fara kwance shi da haƙori, don ɗaurin ya yi tauri. Ba ta ɗago ba ta ce in je in gaya wa Baba a sallami mai mota.